Cukun da nake so, wanda nake haƙuri da shi, da wanda ba ya shiga firij ɗina

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi ƙanwata ta kira ni daga wani babban kanti, tana tsaye gaban firij ɗin kayan madara. Ta ce, "Yaya, ga su nan sun fi kala goma, kuma wai duk cuku ne. Wani rawaya, wani fari yana iyo cikin ruwa, wani ma kamar ya yi funfuna, kuma shi ya fi tsada. Wanne zan ɗauka?" Na ce ta ajiye kwandon tukuna ta amsa mini abu biyu: me za ta dafa da shi, kuma awa nawa suke samun wuta a unguwarsu. Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya nake yi. Alhali ni duk asarar da na taɓa yi a kan cuku, a ɗayan biyun nan na yi ta. Ko dai na sayi wanda ba ya narkewa don aikin da ke son narkewa, ko na sayi mai son sanyi na kai shi gidan da firij ya zama kabad.

Tun da wuri in faɗa, ina da son kai a wannan magana. Da cukun Nijar na buɗe ido, kuma har yau shi ne mudun da nake auna sauran da shi. Kawunmu yana fatauci tsakanin Kano da Tawa, in ya dawo akwai dabino, akwai kilishi, sannan akwai wani ƙunshi da kakarmu take karɓewa da kanta ta kai ɗaki. In ta buɗe za ka ga falle-falle masu kusurwa huɗu, sirara, launinsu tsakanin fari da ruwan ƙwai, jikinsu da layi-layi. Layin nan sawun tabarmar kara ne da aka shanya su a kai. Matan Buzaye da na Fulani ne ke yin sa a wajajen Tawa, Abalak, Dakoro da Agadas, galibi da damina zuwa kaka, lokacin da nono ya yi yawa har ya fi ƙarfin sha da sayarwa. Madarar da aka tatso da ɗuminta ake sa wa ɗan ruwan da aka jiƙa tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙin da bai fara cin ciyawa ba. Cikin ɗan lokaci sai ta kama ta yi kamar kindirmo mai kauri, a kwashe a baza kan tabarma, ruwan ya tsiyaye, iska da rana su ƙarasa aikin. Babu firij a lissafin ko kaɗan, domin an ƙirƙire shi ne saboda mutanen da ke tafe da dabbobinsu, kuma in ya bushe sosai yakan yi watanni bai ce komai ba.

A Kano da yawa suna ce masa cukun raƙumi, ni ma na daɗe ina faɗin haka. Amma madarar raƙumi ba ta kamawa da sauƙi kamar ta saniya, shi ya sa mafi yawan abin da ke zuwa hannunmu na shanu ne ko na awaki, ko gaurayensu. Na shanu ya fi maiƙo da laushin ɗanɗano. Na awaki ya fi fari, kuma yana da wani ɗan ƙauri da ke tsayawa a bayan harshe, wanda in ba ka saba ba za ka ce garke ka shiga. Ni na shanun nake so, maigidana kuma ya ce in ba na awaki ba ne bai ci cuku ba.

Daɗinsa yana ga mai haƙuri. In ka gatsa shi kamar biskit, haƙoranka za su gaya maka. Kakarmu takan ɗora falle ɗaya a kan garwashin da ya lafa, ya ɗan kumbura, gefensa ya yi ja, maiƙo ya tsatso, sannan ta kakkarya mana. Da shayi mai ƙarfi irin na ƙaramar buta babu abin da ya kama ƙafarsa. Wata rana kuma a daka shi a turmi da dabino a dama cikin fura, wadda in ka sha da sahur sai la'asar za ka tuna da ciki. Aibinsa biyu ne. Ba ya narkewa, don haka kada a yi tunanin sa shi a fiza ko shawarma. Sannan a fili ake shanya shi, ga ƙuda ga ƙura, madarar kuma ba a tafasa ta ba. Shi ya sa nake zaɓar wanda ya bushe ƙarau, wanda in ka karya shi yake ba da ƙara, ba ya lanƙwasawa, babu ɗigon baƙi ko kore a jikinsa, ba ya kuma warin tsohon mai. Ko da na samu mai kyau, sai na gasa shi kafin in ba yara.

Na biyu a zuciyata shi ne wara, wanda a Benin da zangunan Gana ake kira wagashi. Kada a haɗa shi da awararmu ta waken suya da ake kamawa da ruwan tsami a soya a ci da yaji da kabeji. Wannan 'yar uwa ce ta suna kawai, babu ɗigon madara a cikinta. Wara na ainihi matan Fulani ke yi da madarar shanu, ana samunsa sosai a wajajen Ilori da Oyo da arewacin Benin, kuma abin da ke kama shi zai ba ka mamaki: tumfafiya. I, wannan tumfafiyar ta bayan gari da ake hana mu taɓa ruwanta muna yara don kada ya shiga ido. Ana ɗora madara a wuta, a daddaka ganye ko karan tumfafiya a tace ɗan kaɗan a ciki, a ci gaba da dafawa har ta dunƙule ta rabu da ruwanta, sannan a kwashe cikin ƙananan kwanduna ta tsane. Wajen lita 5 na madara ke ba da kilo ɗaya. A Benin sukan rina bayansa ya yi ja da karan dafi, wanda mu muka sani wajen rina fata.

Ɗanyensa lami ne, laushi kamar dafaffen farin ƙwai, in an cika masa tumfafiya kuma yakan yi ɗan ɗaci. A kasko yake nuna kansa. A yanka shi, a barbaɗa gishiri, a soya har bayansa ya yi ja, sai a jefa cikin miyar tumatir mai attaruhu. Yana shan romo kamar soso, ga shi ba ya wargajewa. Na sha sa shi a madadin nama a kan shinkafa, baƙi su cinye suna tambayar wane irin kaza ce marar ƙashi. Matsalarsa ɗaya, ba ya da rai mai tsawo. In babu sanyi, kwana biyu ko uku ya fara tsami da yauƙi, sai dai a riƙa tafasa shi cikin ruwan gishiri kullum, ko a soye shi gaba ɗaya ranar da aka saya.

A kan wara na yi asarata ta farko. Lokacin na fara sana'ar kayan fulawa, wata mata ta ba ni odar fiza guda shida na walimar saukar ɗanta. Na ga kuɗin cukun kanti, na ga wara a gefe da araha, na ce ai cuku cuku ne. Na goga shi, na barbaɗa, na tura obin. Minti goma, minti ashirin, burodin ƙasa har ya fara ƙonewa, shi kuwa yana nan zaune ƙwaya-ƙwaya kamar an watsa tsakin masara. Daren nan sai da maigida ya fita neman kantin da bai rufe ba, ribar odar duk ta tafi a man mota da sabon kwaɓi. Daga baya na fahimci dalili. Cuku irin wara da aka dafa da zafi sosai wajen yin sa, jikinsa ya riga ya ɗaure, wuta ta biyu ba ta da abin da za ta kwance.

Da na san haka sai na daina ganin kwarjinin Halloumi, cukun tsibirin Saifurus da ake sayarwa da tsada a manyan kantuna. Shi ma bayan an matse shi dafa shi ake yi cikin ruwan da ya fita daga madarar, shi ya sa ake gasa shi a soya shi ba ya narkewa. Ya fi wara tauri da gishiri, sau da yawa da ɗan na'ana'a a tsakiyarsa, kuma in kana taunawa yana ƙara a haƙori kamar sabon takalmin roba. Tun 2021 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga wanda aka yi a Saifurus kawai. Yana da daɗi, ban musa ba, kuma ya fi wara jimawa saboda gishirinsa da ledar da aka like shi a ciki. Amma in wara sabo yana kusa, ban ga abin da zai sa in biya ninkin-ba-ninkin ba. Wara ne da ya samu fasfo.

To, masu narkewa. Wanda duk yake son cukun nan da ake ɗaga yankan fiza yana jan zare, Mozzarella yake nema, kuma babu mai maye gurbinsa. Asalinsa kudancin Italiya ne, wajajen Napoli, inda ake yin na gargajiya da madarar ɓaunar gida. Zaren nan daga yadda ake yin sa ya samo asali: ana tsoma dunƙulen cikin ruwan zafi ana murzawa ana ja, kamar yadda mai alewa ke jan alewarsa. Iri biyu za a gani a kanti, kuma nan mutane ke ruɗewa. Akwai farin mulmulalle da ke iyo cikin ruwa a leda. Wannan na ci ɗanye ne da tumatir, ruwa ya yi masa yawa, in aka sa a fiza sai ta jiƙe ta yi caɓa-caɓa, kuma da an buɗe shi kwana ɗaya biyu ya gama. Akwai kuma mai tauri kamar sandar sabulu, wanda aka rage wa ruwa. Shi ne na fiza, na shawarma, na cusawa cikin samosa. Yana jure firiza, don haka ni nakan goge shi duka, in ƙulla a ƙananan ledoji daidai aiki ɗaya ɗaya. Ra'ayina a kansa kuwa, ma'aikaci ne mai biyayya amma ba shi da hira. In ka gutsuri sanyayyensa kamar roba kake tauna. Ina sayensa don sana'a, ban taɓa marmarinsa ba.

Cheddar shi ne mai ɗanɗanon da Mozzarella ya rasa. Sunan wani ƙauye ne a yankin Somaset na Ingila, sai dai ba a keɓe sunan ba, don haka kowace ƙasa tana yin nata, daga Ailan har Niyu Zilan. Kusan lita 10 na madara ke ba da kilo ɗaya, wanda ya isa ya nuna maka dalilin tsadarsa tun kafin a zo maganar canjin dala. Abin dubawa a jikin ledar shi ne tsawon lokacin da ya yi a ajiye. Na wata uku yana da laushi da sauƙin kai, yara suna son sa, yana narkewa sumul. Wanda ya kai shekara yakan yi kaifi, yana marmashewa, yana da ɗan tsami mai kama harshe, kaɗan ya isa ya cika tukunyar makaroni da ƙamshi. Launin ruwan lemo da ake gani a wasu kuwa rini ne daga ƙwayar wata bishiya, ba alamar inganci ba ce, farin da jan duk ɗaya ne a baki. Ni mai kaifin nake so, a kan dankalin turawa da aka gasa, ko cikin wainar ƙwai da albasa. In ana son fiza ta yi zare kuma ta yi ɗanɗano, kashi uku na Mozzarella da kashi ɗaya na Cheddar nake haɗawa. Sai dai a zafin Kano na watan Afrilu, in ka bar shi a kan tebur rabin awa sai ya fara gumin mai, in ya koma firij kuma ba ya dawowa yadda yake.

Gargaɗi ɗaya game da waɗannan biyun. Tun da naira ta faɗi a 2023 kasuwa ta cika da sanduna masu kama da su a ido, a rabin kuɗi. Juya ledar ka karanta abin da aka haɗa. Cuku na gaske madara ne da gishiri da abin da ke kama madarar da ƙwayoyin da ke tsamar da ita, shi ke nan. In ka ga man ja ko man kayan lambu da sitaci a sahun gaba, to kwaikwayo ne. Yana narkewa, wani ma har ya ja zare, amma da ya huce sai ya daskare a dasashi kamar kakin kyandir. Na taɓa sayen irinsa a wani kanti inda aka yanka aka naɗe babu takarda, mai shagon yana ta rantsuwa daga Italiya ya zo. Araha ba ta ado.

Sai ɗan kwalin nan mai zagaye da hoton jar saniya tana dariya, La Vache qui rit, da ire-irensa masu kusurwa uku cikin takardar azurfa, da falle-fallen da ake sa wa burodi kowanne da ledarsa. Duk wanda ya zauna a Yamai ko Marwa ko Injamena ya san shi a teburin mai shayi, alhazai ma sun san 'yan uwansa a karin kumallon Makka da Madina. Wannan cuku ne da aka sake narkarwa aka haɗa da madara da wasu gishirai masu hana mai rabuwa da ruwa. A Suwizalan aka fara dabarar a 1911, James Kraft ya yi rajistar tasa a Amurka a 1916, ita kuma saniyar mai dariya ta fito a Faransa a 1921. Masana cuku suna raina shi, ni ma ba zan ce yana burge ni ba, ɗanɗanonsa ɗaya ne jiya da yau da gobe, ga shi yana manne wa ganɗa. Amma ina ganin girmansa saboda abu ɗaya: an dafa shi an like, don haka yana jure rashin wuta fiye da duk na kanti, muddin ba a bar shi a rana ba. Ga uwar da ke haɗa wa yara kwandon makaranta da asuba, ko ɗalibi a ɗakin kwana, shi ne zaɓin hankali. Kada dai a sa ran zai yi aikin fiza.

Akwai fararen cuku masu zama cikin ruwan gishiri, kuma a nan bakina ya rabu biyu. Feta na Girka ne, da madarar tumaki ake yin sa, an yarda a haɗa ta awaki har kashi 30 cikin ɗari, kuma sai ya yi aƙalla wata biyu cikin ruwan gishiri. Tun 2002 aka keɓe sunan ga na Girka a kasuwar Turai, saboda haka yawancin fararen da ke zuwa mana a kwali ko gwangwani na madarar shanu ne da aka yi a wasu ƙasashe, sun fi laushi, ba su kai shi tsami ba. Ban son shi shi kaɗai, gishirin yana sa ni neman randa. Amma a marmasa kaɗan a kan tumatir da kokwamba da albasa, ko a kan kankana mai sanyi lokacin buɗa-baki, sai ka ji kamar don haka aka halicce shi. Wata maƙwabciyarmu da ta tashi a Sudan ce ta koya mini jiƙa shi cikin ruwa na ɗan lokaci don gishirin ya ragu. Ita ce kuma ta fara ɗanɗana mini jibnarsu, farin cukun da garin Duwaim na bakin Farin Nilu ya yi suna da shi, wanda suke barbaɗawa a kan dafaffen wake da man riɗi, da wani da ake kitsawa kamar gashi a sa masa habbatus sauda. Mai kitson nan, in da ana samunsa a nan yadda ake samun Feta, da na daina waiwayar Feta. Irin waɗannan suna da wani amfani ga mai ƙarancin wuta: matuƙar suna nutse cikin ruwan gishirinsu, ɗaukewar wuta ta yini ɗaya ba ta kashe su. Mai hawan jini dai ya yi nesa da su.

Cikin na Turawa duka, wanda na ƙaunata da gaske shi ne Parmigiano Reggiano, kuma na san dalili: shi ne ya fi kusa da cukun kakata. Busasshe ne, mai tauri, ba ya tsoron zafi kamar sauran. A wani yanki na arewacin Italiya kawai ake yin sa, wajajen Parma da Rejiyo Emiliya da Modena. Kowane dunƙule yana kai kimanin kilo 40, yana cin madara wajen lita 550, kuma doka ba ta yarda a sa masa sunan ba sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye, da yawa ma sai sun yi 24. In ka ɓantari ɗan guntu za ka ji wasu ƙananan ƙwayoyi suna ƙaras-ƙaras a haƙori, ɗanɗanon kuma yana da zurfi irin na romon da ya daɗe a wuta. Ni daddawar Italiyawa nake ce masa, domin aikinsu ɗaya: ba a cin su a ƙoshi, ana sa kaɗan ne su tayar da abinci. Kuɗinsa yana sa mutum salati, amma guntu kamar tafin hannu yakan yi mini wata biyu ina gogawa a kan taliya. Ɓawon ma ba na yarwa, nakan jefa shi cikin farfesun kayan lambu. Garin da ake sayarwa a roba da suna mai kama da nasa kuwa, ban ga marabarsa da dusa mai gishiri ba.

Sai dai a kansa akwai maganar da ba zan tsallake ba. Ƙa'idar yin sa ita ce a kama madarar da abin cikin tumbin ɗan maraƙi, kuma ba wanda zai ba ka tabbacin yadda aka yanka maraƙin. Malamai sun yi saɓani a kan wannan tun da daɗewa. Imamu Abu Hanifa yana ganin abin mai tsarki ne ko da daga mushe ya fito, mashahurin ra'ayin Malikiyya da Shafi'iyya kuma ya tsananta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ko ya tsaya ga cukun da ke da tambarin halal. Da yawa daga cikin na masana'antu yanzu ba da na dabba ake kama su ba, kuma sukan rubuta haka a jikin leda, wani lokaci da alamar cewa ya dace da marasa cin nama.

Gouda da Edam na Holan, da Emmental na Suwizalan mai ramuka, ba ni da dogon zance a kansu. Masu sauƙin hali ne, suna narkewa lafiya, suna da ɗan zaƙi-zaƙi, ba sa ɓata wa kowa rai. In babu Cheddar, Gouda zai yi aikin. Edam mai jar rigar kaki ya fi su jure tafiya.

Yanzu ga waɗanda ba sa shiga firij ɗina. Wani abokin maigida ya dawo daga Faransa ya kawo mana tsarabar Camembert, ɗan kewayayye mai giram 250 cikin akwatin katako, da yankan Roquefort. Na karɓa da godiya na sa a firij. Daren nan aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai bayan kwana biyu. Da na buɗe ƙofar firij ɗin, sai da na ja da baya. Camembert ɗin ya narke ya malalo daga farar rigarsa, yana wani wari mai hawa ka, zoɓona da kunun ayana duk sun ɗauka. Na yarda ba a yi masa adalci ba, shi ɗan ƙasar sanyi ne, daga Normandi, kuma daga baya na ci mai kyau a wani wuri, cikinsa kamar man shanu, ɓawonsa yana ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Ban ƙi shi ba, amma abin da zai mutu cikin kwana biyu ba na gidana ba ne.

Roquefort kuwa ko da wuta ko babu, mun raba gari. Na madarar tumaki ne, a cikin kogunan dutse na wani ƙauye a kudancin Faransa ake fara ajiye shi, sai ya yi aƙalla wata uku kafin a sayar, kuma tun 1925 doka ta kare sunansa, shi ne cukun Faransa na farko da ya samu wannan gata. Koren da ke cikinsa funfuna ce ta gaske, da gangan ake sa ta, har a soka masa allurai don iska ta shiga ta yaɗu. Na ɗanɗana sau uku a lokuta daban-daban don kada a ce ban gwada ba. Gishiri, yaji-yaji, da wani ɗanɗano kamar ka lashi tsohon kwabo. Maigida kuwa ya shafa a burodi ya ɗiga zuma ya cinye tas, yana ce mini, "Ke da kike cika miyar kuka da daddawa har maƙwabta su sani, ke ce za ki yi wa wani gorin wari?" Na ce daddawa dai a tukunya take narkewa, ba a shafa ta a burodi. Ya ce daddawa ce ke gaya wa manda baƙi. Mun bar ta a nan. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. In ya samu, a roba mai murfi biyu yake ajiyewa, a firij ɗin shagonsa.

Abu biyu na lafiya da nake gaya wa duk mai tambayata. Wanda madara ke kumbura wa ciki ko ta sa shi gudawa, sau da yawa busassun da suka daɗe a ajiye, irin su tsohon Cheddar da Parmigiano, ba sa damunsa, domin sukarin madarar ya kusa ƙarewa a cikinsu. Sababbi masu ruwa irin wara da farin Mozzarella su ne za a yi hattara da su. Mai juna biyu kuma ta ƙaurace wa masu laushi irin Camembert da masu funfuna, da duk wanda aka yi da madarar da ba a tafasa ba, sai in an dafa shi ya yi zafi har ciki. Ciwon bakkale da ke sa shanu ɓari yana kama mutum ta ɗanyar madara, ba camfi ba ne.

Ƙanwata dai ta amsa tambayoyin nawa. Samosa da ƙananan fiza take son yi wa surukanta na buɗa-baki, wuta kuma sai dare suke ganinta, amma firizarsu tana riƙe ƙanƙara. Na ce ta ɗauki sandar Mozzarella ɗaya da ƙaramin Cheddar mai kaifi, ta juya ledar ta karanto mini abin da aka rubuta, ta goge su duka a ranar ta ƙulla ta jefa firiza. Ta ƙara da kwali ɗaya na mai saniya saboda yara. Mai funfunar kuma ta mayar da shi inda ta ɗauko. Kafin ta kashe wayar ta ce, "Yaya, wai har yanzu Kawu yana kawo na Tawa?" Na ce ƙafa ta hana shi tafiya, ɗansa ne ke zuwa yanzu, kuma falle goma da ya kawo mini saura huɗu. Ta ce in ajiye mata biyu. Na ce ɗaya, ta taho da dabino, turmi yana nan.